Gudun Da Ya Raba Ni Da Jidda

Ina gaida edita da duk masu karanta wannan fili. A lokacin da abin nan ya same ni, ni saurayi ne da ya je umra ya ƙi dawowa. Ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama, ba ni da kafili mai tsaya mini. Na yi dako a rumbunan kaya kusa da tashar jiragen ruwa har bayana ya fara ciwo, sannan wata baiwar Allah ta ɗauke ni in riƙa kula da mahaifinta a unguwar Hindawiyya ta Jidda. Dattijo ne Bahaushen Sudan, idanunsa sun tafi amma hankalinsa garau. Ya karanta tarihi a Ingila yana matashi, ya daɗe yana koyarwa kafin tsufa ya zaunar da shi. Ina ce masa Baba, shi kuma ya waladi yake kirana, wato ɗana.

Bayan la'asar nakan zaunar da shi a bakin taga, iskar teku mai ɗumi tana shigowa, in haɗa masa shayi da na'ana'a. Sai ya kama ba ni labarin Ingila ta can da, cikin Hausarsa mai gauraye da Larabci. Ya ce a zamanin ba su da 'yan sanda. Duk wanda ya ga an yi sata sai ya ƙwalla ihu, kuma dole kowa ya ajiye abin da yake yi ya bi ɓarawo, ƙauyen da ya ƙi fitowa a ci shi tara. Ya ce akan sa wanda ake tuhuma ya tsoma hannu cikin tafasasshen ruwa ya ɗauko dutse, a naɗe hannun. In ya kama hanyar warkewa an wanke shi, in ya ruɓe ya tabbata mai laifi. Masu ƙananan laifi kuwa a sa musu ƙafa a turu a tsakiyar kasuwa, jama'a suna jifansu da ruɓaɓɓen kayan lambu. Har ya ce wanda ya gudu, ko alƙali ya wanke shi, ana iya ƙwace masa kayansa saboda gudun kaɗai. Ni dai ba karatu nake ɗauka ba. Lumshe ido nake yi in ga koren fili da yayyafin da ba ya ɗaukewa, da mutane cikin hazo suna tafiya a hankali, har in manta cewa ni mutum ne mai tsoron fita titi.

Wata rana da hantsi ya aike ni in sayo masa dabino da maganin ɗigawa a ido. Na saya na juyo ke nan sai na ji an ƙwalla a bayana: “Harami! Harami!” wato ɓarawo. Ban ga wanda ya yi satar ba, ban ga wanda aka yi wa ba. Abin da na hango kawai motar 'yan sanda ce a bakin layi, na kuma tuna aljihuna babu takarda. Kafin in yi wani tunani ƙafafuna sun kwasa. Har yau in na tuna gudun nan ji nake kamar cikin ruwa na yi shi. Shaguna suna wucewa a hankali, muryoyi suna zuwa daga nesa, ina jin takun mutane yana ƙaruwa a bayana amma kamar ba ni ake bi ba. A wani lungu marar mafita aka cim mini. Aka shara mini mari, aka ɗaure hannuwana da rawanin wani, aka zaunar da ni a gefen titi cikin rana. Mutane suka kewaye ni da wayoyi suna ɗauka. Dabinon Baba ya watse ana tattakawa, ni kuwa ina kallonsa.

'Yan sanda suka zo suka fitar da ni daga cikin jama'a. Da aka duba kyamarar wani shago, sai ga wanda ya fizge jakar wata mata, wani ne daban, ta wata hanya ma ya bi. Jami'in ya ce maganar sata ta ƙare, ba ni da laifi. Sannan ya miƙo hannu ya ce in ba shi iƙama. Daga nan aka wuce da ni inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasashensu.

Can Baba ya zo, 'yarsa na riƙe da hannunsa. Ya roƙi a bar shi ya tsaya mini, aka ba shi haƙuri aka ce doka ba ta yarda ba. Ya lalubo hannuna ya riƙe.

“Ya waladi, me ya sa ka gudu?”

“Baba, tsoro ne.”

“Na sani,” in ji shi. “Na zaunar da kai ina ba ka labarin matattu, ban taɓa tambayarka yadda kake kwana da fargaba ba. Ka yafe mini.”

Ganina da shi na ƙarshe ke nan. Bayan na dawo gida na fara ɗinki, 'yarsa ta kira ni cikin azumi ta ce Allah Ya yi masa rasuwa, kuma har ya kwanta ciwo yana tambayar ko na samu sana'a.

Abin da na koya shi ne, zama ba takarda yana cinye zuciyar mutum tun kafin a kama shi, har ya wayi gari yana gudu daga laifin da bai yi ba. 'Yan'uwana masu niyyar maƙalewa bayan umra, ku gama ibadarku ku dawo da mutuncinku. Ku kuma da kuke jin ihun ɓarawo ku tashi da sanda, ku tsaya ku tambayi wanda ya gani da idonsa. Ban taɓa ganin fuskar wanda ya fara marina ba. Mai yiwuwa har gobe yana ba 'ya'yansa labarin ranar da ya kama ɓarawo, yana sa ran lada.