Ranar da Telo Ya Hana Jikansa Jifa

A garin Consuelo kowa ya san Telo Encarnación da rashin zama wuri ɗaya. Ko kofi a tsaye yake sha. Da ƙuruciya shi ne mai jifa a ƙungiyar besbol ta garin, wasan da ɗaya ke jefa ƙwallo ɗaya ya buge shi da sanda, har gwiwar hannunsa ta lalace. Tun daga nan ya koma koya wa yara jifa a filin bayan tsohuwar masana'antar sukari.

Babban abin da ke ci masa rai shi ne jifan murfi. Yaran unguwa da murfin gorar ruwa da sandar tsintsiya suke fara wasa, su wurgo murfin ta gefe suna murɗa wuyan hannu. In sun riƙe ƙwallon gaske ma haka suke yi.

"Daga ƙafa jifa ke tasowa!" Telo kan daka tsawa. "Taka, juya ƙugu, hannu ya biyo baya. Kai Wilkin, kaji kake kora?"

Wilkin jikansa ne, ɗan shekara sha biyar, duk filin ba mai ƙarfin jifansa.

"Kaka, kai da ko lemo ba ka iya jefawa?"

"Ja'iri! Sake."

Ana gobe mai neman 'yan wasa zai zo daga Amurka, suna karyawa da dakakkiyar ayaba, Telo ya ga yaron ya ɗauki cokali da hagu.

"Miƙe min hannun daman nan."

Wilkin ya gwada, ya cije leɓe. Hannun ya ƙi.

Dilenia, uwar yaron, ta ce, "Baba, don Allah. 'Yan jifa kaɗan ne fa. Mutumin nan ba kullum yake zuwa ba."

Telo ya fita, ya zagaya fili, ya dawo, ya ɗaga hula ya mayar, ya sake fita.

Washegari da aka kira Wilkin, tsohon ya sha gabansa. "Wannan ba zai yi jifa ba. Hannunsa ba lafiya."

Baƙon ya ɗaga kafaɗa, ya kira na gaba.

A ranar Wilkin ya haɗa kayansa ya tafi wurin gwaggonsa a garin San Pedro. Wasu sun ce yana jinya, wasu sun ce yana jifa a wani fili. Telo kuwa yanzu da an tashi daga horo sai tasha. Duk motar da ta iso daga can, sai ya leƙa tagar direba.

"Ɗana, ka ga yaron? Hannun yana miƙewa?"