Cigiyar Da Na Ƙi Yi a Dingaya

Ni ne na yi laifi, kuma ba cikin rashin sani ba. Na san abin da nake faɗa lokacin da na faɗe shi.

A shekarun da ake yawan kama mutane a hanyar gabas, aikina riƙe makirfo ne a motar kamfe. Ni ɗan Birnin Kudu ne, karatuna bai wuce firamare ba, sai dai Allah ya ba ni murya. Wani Alhaji mai neman kujerar majalisa ya ɗauke ni, muna zaga ƙauyuka ranar kasuwa, daga Sundimina har ƙasar Gwaram. Abokin hamayyarsa ya taɓa cewa waɗanda ake tsare da su bisa zargin ta'addanci a kai su gaban alƙali. Alhaji ya riƙe wannan magana gam. Duk inda muka tsaya sai ya ce, "Kun ji ko? Kotu yake nema wa masu kashe ku! Wanda aka kama ai da dalili." Ni kuma in maimaita, in ƙara gishiri.

A wajenmu, duk motar da ke da lasifika ana kawo mata cigiya. Akuya ta ɓata, ko yarinya ta rabu da uwarta a cunkoso, sai a sanar kafin a shiga siyasa. Ba a ƙin cigiya, ko ta ɗan adawa ce.

Ran nan a Dingaya wani dattijo manomi ya dafa ƙofar motar.

"Ɗana, cigiya na kawo."

"Akuya ko tunkiya, Baba?"

"Mutum."

Ɗansa direba ne, yana kai wake Maiduguri. An tsayar da shi a shingen bincike, aka tafi da shi, tun daga nan babu labari. Abin da Baba yake so kawai shi ne ko a cikin direbobin kasuwar akwai wanda ya ji inda aka kai shi.

Alhaji yana zaune a gaba yana amsa waya, bai ce mini komai ba. Ina so a san wannan. Ni da kaina na ga taro ya cika, na ɗaga makirfo na ce, "Jama'a, ga wani Baba yana cigiyar ɗansa da aka kama a gabas. Ku gaya masa mu akuya muke cigiya, ba ma cigiyar kura!"

Aka kwashe da dariya, har da tafi. Baba ya cire hannunsa daga ƙofar a hankali, ya gyara hularsa, ya bi ta rumfunan hatsi.

Alhaji ya ci zaɓe, ban sake jin ya ambaci waɗanda ke tsare ba. A tashar Gwaram wani mai shayi ya ba ni sauran labarin, bai san da wa yake magana ba. Da damina Baba ya kira gayya don noman geronsa. Aka tuƙa tuwo, aka dama kunu, ba wanda ya zo sai surukinsa. Kowa na tsoron a gan shi a gonar gidan da aka kira a lasifika. Ciyawa ta cinye rabin gonar.

Daga nan zama ya gagare ni. In hau mota da niyyar zuwa Dingaya, in sauka a Gwaram, in zaga tasha, in dawo gida. A hanya in riƙa ce wa kaina wataƙila yaron da hannunsa a ciki. Wa ya sani? Ai ba wanda ya sani, tunda ba a kai shi gaban kowa ba. Matata ta ce, "Malam, ƙaya ce a tabarmar nan? Ka zauna mana ka ci abinci." In zauna, in sake miƙewa.

Damina ta yi ta zagayowa a haka, sai na ji an sako ɗan Baba, ba shari'a, ba bayani. Wannan karon ban sauka a Gwaram ba.

Na same su a zaure suna ɓarar gyaɗa. Yaron ya rame, idanunsa sun faɗa, yana tari. Na yi sallama, Baba ya amsa, ya dube ni ya gane ni.

"Baba, wane ne?" in ji yaron.

"Mai lasifika ne."

Sai yaron ya saki fuska. Ya miƙo mini hannu biyu. "Kai ne Baba ya kai wa cigiyata? Allah ya saka da alheri, Malam."

Ashe uban bai gaya masa abin da na yi ba. Baba ya ci gaba da ɓarar gyaɗarsa, bai ɗago kai ba. Da na amsa da amin na tashi, da ba mai tona ni.

Na durƙusa ban karɓi hannun ba. Na ce, "Ban yi cigiyarka ba. Baba ya roƙe ni, na ƙi, na kira ka kura a gaban kasuwa, alhali ban san komai a kanka ba. Saboda bakina aka guje wa gonarku. Ba wanda ya sa ni. Baba, ka yafe mini. Kai ma, don Allah ka yafe mini."