Kwalbar da Ta Sauya Launi a Bakin Taga

Shekara biyu bayan samun 'yancin kai ina aiki a ɗakin shan magani na Makarfi. Iyakar karatuna makarantar midil, sai horon wata tara a Zariya, amma ina da tsari. Kowace kwalbar fitsari sai na rubuta mata lamba da lokaci, na jera ta a bakin taga, kuma ba na zubarwa sai na sake duba ta da la'asar.

Wata Litinin aka kawo wani manomi daga Kudan a kan jaki, yana murƙususun ciwon ciki. Na ba shi ƙwayar barci, abin ya ƙaru. Likitan da ke zagayo mana duk Laraba ya aiko cewa a shirya shi, za a kai shi Zariya a yi masa fiɗa.

Da hantsi fitsarinsa kamar na kowa. Da la'asar, bayan ya sha rana, ya koma ja wur. Yayan majinyacin ya leƙo ya ce, "Malam, zoɓo kake sayarwa a asibiti?"

Na ce, "Fita waje."

Washegari na karɓi kwalba biyu, ɗaya na sa a kabad, ɗaya a taga. Ta taga kaɗai ta rine.

Da likita ya zo na ajiye su gabansa tare da takardar lokutan. Ya ce, "Wa ya koya maka wannan?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe."

Ya ɗage fiɗar, ya tafi da kwalaben. Ran Juma'a ya dawo ya ce a ƙarƙashin wata fitila ta musamman fitsarin ya yi haske ja kamar garwashi. Ya zana mini siffar sinadarin da ke rina fitsarin a bayan kati, kamar zobe. Ya ce jiki ke ƙera zoben, kuma siffarsa ce ke sa ya shanye wani haske ya mayar da wani. In ƙarfe ya zauna a tsakiyarsa, jan jini ke nan. Irinsa da wani sinadarin a tsakiya shi ne koren ganye. Jikin manomin ba ya kammala ƙirar, shi ya sa take zuba a fitsari, ƙwayata kuwa tana ƙara tsananta ciwon.

Wannan ya yi mini zafi, amma a take na janye ta. Muka riƙa ba shi ruwan sukari kamar yadda likita ya umarta. Bayan kwana tara ya koma Kudan da ƙafarsa, wuƙa ba ta taɓa cikinsa ba.