Mai Jan Gidaje da Shanu

Kafin hazo ya tashi daga kan teku, Don Eleuterio Nahuelquín ya riga ya ba shanunsa ruwa, yana yi musu faɗa kamar jikoki. Shekara da shekaru a tsibirinmu na Chiloé, in za a ja gidan katako ɗungurungum zuwa wani wuri, shi ake kira ya jagoranci gayya. Bana gwiwa ta ce ya isa haka, ni kuwa na ce ba zai zauna shiru ba mu jinjina masa ba.

Bayan babbar girgizar ƙasa da aka yi mana, kowa a ƙauyen cewa yake ƙasa ta huce, sai kuma zamanin tattaɓa-kunne. Wata mai binciken ƙasa da Don Eleuterio ya ɗaukar wa kaya a amalanke ta gaya masa ba haka ba ne. Ta ce tsagar cikin ƙasa da ta motsa ta sauke nauyinta a kan maƙwabciyarta, wadda ta ratsa ƙarƙashin tudunmu. Nan take ya gane, don ya san abin da ke samun bijimi ɗaya in abokin jansa ya durƙusa.

A gindin tudun kuwa gidan Doña Clorinda Barría yake, tsohuwa mai taurin kai, ta rantse inda mijinta ya kafa gida nan za ta mutu.

"Maƙwabciya, ni ban ce ki fita ba," in ji Don Eleuterio. "Yi zamanki, da ke a ciki za mu ja gidan."

"To in kofina ɗaya ya fashe, kai da shanunka kun shiga uku."

Ranar an sha kallo! Gida na tafiya bisa gumagumai, shanu na nishi, Clorinda na leƙowa ta taga tana zagin kowa. Da damina tudun ya girgiza, laka ta binne tsohon filin har da bishiyar tuffa ɗinta. Ta je ta tsaya a wurin ta daɗe, sannan ta wuce kai tsaye ta rungume shanun tana kuka.

Kai ne ka ji magana ka kama igiya, Don Eleuterio, lokacin da muke maka dariya. Mun gode. Samarinmu, ku je ku koyi ɗaurin igiyar nan tun yana iya nuna muku, don tsagar tana nan. Clorinda ma tana nan, tana shan shayi, har yau tana yi masa gorin kofin da ya tsage.