Kwalba Mai Lamba Bakwai

Ina koyar da ilimin sinadarai a jami'a, kuma cikin duk darussan da nake bayarwa babu wanda nake so kamar na ruwa. Ɗaliban shekara ta uku nake fita da su, su ɗebo ruwa a rijiyoyi da tabkuna da famfuna, su kawo labo, ɗakin gwaje-gwajenmu, su auna abin da ke cikinsa, sannan su gwada yadda za a gyara shi. Idan mun gama, sai mu koma wurin masu ruwan mu faɗa musu abin da muka gani. Wanda ruwansa ya yi kyau mu ce ya ci gaba da sha, wanda nasa ya ɓaci mu ce ya dakata.

Mako guda kafin fita nake fara yi musu wa'azin kwalba. Ka ɗauraye ta sau uku da ruwan da za ka ɗiba. Ka cika ta har baki, ka rufe, ka rubuta lamba, ka saka cikin akwatin ƙanƙara. Babban sharaɗi kuwa, kada kwalbarka ta bar hannunka, ko da hakimi ne ya miƙo nasa. Na faɗa, na maimaita, har suka fara kwaikwayona a bayan aji, suna ɗaga yatsa yadda nake yi. Ina hango su ta gilashin taga, ina yin kamar ban gani ba.

Akwai abin da ban taɓa faɗa musu ba. A ƙauyenmu, can gefen Badaguishiri, akwai rijiya a tsakar gidanmu wadda marigayi babana ya haƙa a shekarar da aka haife ni. Inna, mahaifiyata, ba ta da abin alfahari kamar rijiyar nan. Ta ce wake ya fi saurin nuna da ruwanta, ta ce maƙwabta na zuwa ɗiba don shayi kawai. Ni kuwa tun da na tafi karatu, na leƙa ɗigon ruwa a madubin ƙara girma na ga abin da ke iyo ciki, ban sake shan ruwan gidanmu ba. Sama da shekara goma ke nan. In zan je gida sai na cika jaka da ruwan leda. In Inna ta miƙo mini kwano, sai in kai shi baki, in jiƙa leɓe, in ajiye da wayo. Ba ta taɓa cewa komai ba. Ni ce 'yar fari, ba ta kiran sunana, sai dai ta ce "likitar ruwa" tana kallon wani wuri.

Kuma ban taɓa auna ruwan ba, tsoro nake ji. In ya fito da matsala, da wane baki zan ce wa Inna ta daina shan rijiyar da mijinta ya haƙa? A shekarar da nake ba da labari ne na gaji da ragwantaka, na sa rijiyar cikin jerin wuraren da za mu je. Na ba ta lamba bakwai, ban gaya wa kowa ta wace ce ba.

Ranar fita, motar jami'a ta cika maƙil, ga akwatunan ƙanƙara, ga ɗalibai suna waƙa tun kafin mu bar gari. A Konni muka ɗebi ruwan magudanar lambu da na wani tabki mai launin koko. A Malbaza, inda ƙasa take da farar ƙasa, na sa suka jefa ɗan sabulu cikin ruwan rijiya suka girgiza. Suka yi ta girgizawa har hannu ya gaji, kumfa ta ƙi tashi. Wata mata da ke wanki kusa da mu ta dubi wannan aiki ta ce da mun tambaye ta, da ta hutar da mu. Na ce su rubuta maganarta a kaye, wato littafin rubutunsu, ta fi abin da zan faɗa.

Da muka wuce Illela muka gangara kwarin Badaguishiri, sai na kira ɗalibai biyu. Ɗaya dogon saurayi ne ɗan Konni, bakinsa ba ya rufuwa, in ya fara magana sai an roƙe shi. Ɗayar yarinya ce 'yar Illela, mai shiru-shiru, wadda duk ajin babu mai natsuwar hannunta wajen awo. Na kwatanta musu gidan, mai kurna a ƙofa, na ce rijiyar tana ciki. Ni kuwa na zauna tare da sauran a lambunan kwari. Da shekaruna, da digirina, na laɓe cikin albasa don kada wani ɗan ƙauyenmu ya hango ni ya kai wa Inna labari.

Suka dawo da kwalbar a rufe, aljihunsu cike da gyaɗa. Kwalaben namu masu duhu ne, irin na maganin tari, don kada rana ta taɓa ruwan, saboda haka ba a ganin abin da ke ciki. Dogon ya ce, "Madam, tsohuwar gidan nan mutuniyar kirki ce. Ni a zaure aka tsayar da ni, amma gyaɗa ta iske ni har can." Na ce madalla, na jefa kwalbar cikin ƙanƙara da sauri.

Washegari da safe muka shiga labo. Kwalabe shida na farko suka tafi daidai. Muka jera ruwan tabkin Konni a kofuna na gilashi, wasu muka sa musu alif, wasu garin ƙwayar zogale, muka motsa muka jira. Laka ta dunƙule ta kwanta a ƙasa, ruwa ya washe a sama. Duk shekara ina ganin wannan abu, duk shekara kuma sai ya faranta mini rai. Ɗalibai suka kasu gida biyu, 'yan alif da 'yan zogale, suna yi wa juna tsiya kamar a filin kokawa.

Sai aka zo kan ta bakwai. Yarinyar ta buɗe, ta tsiyaya cikin kofi, na ga ruwa ya fito fari-fari, dusu-dusu. Suka sa shi a na'urar da ke auna gurɓacewa, lambobi suka yi ta hawa har na'urar ta gaza. Suka koma gwajin datti, wanda ake ɗiga wani magani mai launin shunayya. In ruwa mai tsabta ne, ɗigo kaɗan launin zai tsaya. Wannan kuwa ana ɗigawa yana haɗiyewa, ana ɗigawa yana haɗiyewa.

Dogon ya gyara farar rigarsa ya juyo ga aji. "Jama'a, na yanke hukunci. Wannan rijiya ko jaki bai kamata ya sha ba. A rufe ta yau, ga kamfanin siminti na Malbaza kusa, siminti ba zai yi wuya ba."

Aji ya kwashe da dariya, ni kuwa na nemi kujera na zauna. Ina ta ganin Inna tana jan guga kowace safiya, tana sha, tana ba jikoki. Na fara shirya maganar da zan faɗa mata, kowace na ɗauko sai in ji ba za ta fita daga bakina ba. Haushin kaina ya kama ni, da na auna tuntuni.

Can sai na lura yarinyar ba ta dariya. Ta kawo kofin kusa da fuska, tana fifita iskarsa zuwa hancinta da hannu, yadda na koya musu. Ta ce a hankali, "Madam, ki yi haƙuri, ni citta nake ji."

Na karɓa na shaƙa. Citta ce, ga kanumfari a bayanta, ga kuma ƙamshin gero. Na leƙa gindin kofin na ga wani farin gari ya kwanta. Na ce a miƙo mini aidin, wanda ake sa wa rauni, don in ya haɗu da sitaci launinsa yakan juye. Ɗigo ɗaya na sa. Ruwan nan ya koma shuɗi mai duhu kamar an tsoma baban rini.

Na ce, "Gumba ce. An dama gumba cikin kwalbar nan."

Kowa ya juya ya dubi yarinyar. Ta sunkuyar da kai ta ce tana shiga gidan tsohuwar ta shimfiɗa mata tabarma, ta tambaye ta wa ya aiko su, ta karɓe kwalbar ta shige ɗaki da ita. "Madam, sa'ar kakata ce. Yaya zan ce mata kada ta taɓa?"

Abin da ya biyo baya ba zan iya kiransa darasi ba. Wani ya zame daga kan benci ya zauna a ƙasa yana riƙe da ciki. Dogon ya ruga tablo, babban allon aji, ya rubuta sakamakon bincike: gero, citta, kanumfari, ya ja layi, ya rubuta a ƙasa cewa maganin wannan ruwa shi ne nono da sukari. 'Yan alif da 'yan zogale suka shirya, suka ce duk an kayar da su. Ni na fi kowa, na yi dariya har hawaye, har numfashi ya gagare ni, har malamin labo na kusa ya leƙo ya ga ko wani abu ne ya fashe. Daɗi ne ya kama ni, irin wanda ke sa mutum ya rasa inda zai sa kansa. Rijiyar babana ba ta mutu ba, farau-farau muka yini muna aunawa.

Da na samu numfashi na ce musu, "Tsohuwar nan uwata ce." Dogon ya ajiye alli a hankali ya ce, "Madam, maganar jakin nan, na janye ta gaba ɗaya." Aka sake ɓarkewa. Na ce su rubuta a kaye cewa a ƙasarmu ba a sallamar baƙo da ruwa tsura, duk wanda zai yi aikin ruwa ya san da wannan. A lokacin haka na fahimci abin, na ɗauka al'ada ce kawai Inna ta bi.

Ran Asabar na ɗauki sabuwar kwalba na tafi da kaina. Na iske Inna a gindin bango tana tankaɗe. Muka gaisa, na tambayi ƙafarta, ta tambayi hanya. Ina ta ɗokin ba ta labari, na fara tun ban gama zama ba. Na ce, "Inna, kin ɓata mana aiki. Aji guda kika sa suka yini suna binciken gumbarki." Na kwatanta mata dogon da tablo, ina dariya ni kaɗai.

Ta ci gaba da tankaɗenta, ba ta dube ni ba. Ta ce, "Yarinyar ta ce mini Madam ta aiko a ɗebo mata ruwan rijiyar ga. Na ce wace Madam. Ta kwatanta mini, har da yatsan nan da ake ɗagawa. Sai na ce, to, yau likitar ruwa ta yi marmarin gida."

Dariyata ta tsaya.

Ta ce, "Shekara nawa ana kai kwano baki ana ajiyewa, ana zaton ban gani ba? Ranar da aka aiko takanas, in aika da shi tsura? Na sa citta da yawa, yadda ake so tun ana ƙarama." Ta buga rariyar a tafin hannunta, sannan ta ɗago ta dube ni. "An sha?"

Na tuna kofin nan mai shuɗi, na tuna ni da hannuna na tuttule shi a magudanar labo. Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Na ce, "Ban sha ba, Inna."

Daga baya mun auna ruwan yadda ya kamata, ya fito lafiya, sai ɗan zartsi kaɗan. Na sa aka yi wa rijiyar murfi, aka kafa sandar rataye guga don kada ya riƙa kwana a ƙasa. Amma a ranar ban san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Na ajiye jakata da ruwan ledar da ke ciki, na ajiye kwalbar a gefenta. Na je bakin rijiya na zura guga na jawo, igiyar tana cin tafin hannuna da ya manta da ita. Na cika kwanon sha na dawo na durƙusa gaban Inna, na kafa kai na sha har ya zubo mini a wuya. Sanyi ne da shi, da ɗan ƙamshin ƙasa.

Inna ta jira har ta ga gindin kwanon. Sannan ta miƙe ta ce a ba ta shi, akwai sauran gumba.