Sawun da Inna ta share

Littattafai uku na rubuta a kan ɓarayi da masu kama su, kuma a kowanne ɗan sandana yakan durƙusa ya ga abin da kowa bai gani ba. Shi ya sa ranar da aka kwance injin markaɗen Inna a gidanmu na unguwar Hammadu Kafi, ban tsaya salati ba, ƙasa na duba. Injin nan shi ke ci da gidan.

An yi yayyafi da asuba, ƙasa ta yi laushi. Ga sawu nan daga rumfar injin zuwa ƙofa: ƙafar dama ta zauna daram, ta hagu tana ja. Na ɗauki hotonsa a waya, na kifa roba a kai, na ce kada wanda ya taɓa. Har wani daɗi na ji, Allah Ya yafe mini. Na tari keke zuwa caji ofis, ina ta yi wa mai keken faɗa ya yi sauri.

Wani dattijon saje aka haɗa ni da shi. Ba jaka, ba safar hannu, biro kawai da littafi duk ya nannaɗe. A hanya ina ta zuba masa bayanin zanen yatsu, shi kuwa yana ta gaisawa da mutane. Haushi kamar in sauka.

Muka tarar da tsakar gida fes. An share, an yayyafa ruwa, an shimfiɗa tabarmi, maƙwabta sun cika suna jaje. Robata tana kife a kan randa.

"Inna! Wa ya yi shara?"

"Ni. Baƙi za su shigo mini gida da datti?"

Saje bai durƙusa ko'ina ba. Ya zauna, ya sha ruwa, ya yi jaje kamar kowa. Ya tambayi Inna shekarun injin da mai gyara mata shi. Ya duba sakatar ƙofa sau ɗaya. Sannan ya kira ni zaure.

"Hajiya marubuciya, matan nan kowacce ta tambayi wa ya yi satar. Mai injin ce kaɗai ba ta tambaya ba."

Sai a lokacin na tuna tafiyar Yayana. Tun da ya faɗi a kan acaɓa yake jan ƙafar hagu, kuma tun lokacin bai sake samun aiki ba.

Saje ya buɗe littafinsa, bai cire murfin biro ba. "In na rubuta, sai na bi shi har kotu, ko wane ne. Kin ce kin ga sawu. Me kika gani?"

Daga zauren ina hango Inna. Tana amsa gaisuwa, idonta yana kaina, tsintsiyar tana gefen ƙafarta.

Na ce, "Ruwa ya ɓata shi, ranka ya daɗe."

Ya rufe littafin, ya ce Allah Ya mayar da alheri.

Inna ta koma kai markaɗe gidan wasu. Yaya yana zuwa cin tuwo duk Juma'a, ni nake zuba masa. Na canza waya sau biyu, hoton yana biyo ni. Ban goge ba, ban nuna wa kowa ba, kuma littafi na huɗu yana nan a babi na biyu, inda ɗan sandan ya durƙusa.