Tasha Ta Sha Uku

Yayana ba injiniya ba ne. Gyaran injin kwafi yake yi a wani ɗan shago a ƙasan bene, hannunsa kullum baƙi ƙirin da garin tawada. Amma tun yana saurayi ya laƙaba wa kansa Injiniya, kuma in ba ka kira shi haka ba, sai ka gaji da sallama bai ɗago kai ba. Mutum ne da ba ya duka, ba ya zagi. In ka ɓata masa rai, zai nemi wata 'yar ƙusa ya kwance, ya koma gefe yana kallonka kana wahala.

Ba zan zalunce shi ba. Da ɓarin jikin Babanmu ya shanye, shi ya ɗauke shi ya kai gidansa. Shi ke yi masa wanka, shi ke ciccibarsa zuwa banɗaki. Sai dai fuskar Baba ba ta sakewa sai ƙarfe huɗu na yamma, lokacin da Auta ke kira. Auta ƙaninmu ne, yana tuƙin babbar mota a wata ƙasa mai nisa. Shi ya aiko wa Baba wata tsohuwar waya marar layi, wadda waifai ɗin gidan kaɗai take kamawa. Baba bai iya karatu ba. Koren maɓalli ya sani, da babban yatsansa mai rai yake danna shi.

Wata rana intanet ɗin gidan ya yi ta jan ƙafa. Injiniya ya buɗe saitin rautar, ya ga maƙwabta duk sun cushe a tasha ta shida. Rauta tana da tashoshi kamar rediyo, in aka yi cunkoso a guda sai ka matsa wata. Ya matsa ta sha uku. Wayarsa ta kama, ta matarsa ta kama, ta Baba ta yi shiru, don wayar ƙasar su Auta daga ɗaya zuwa sha ɗaya take gani. Ya gane hakan nan take, kuma ya bar ta a sha ukun.

Da Auta ya kira layin Injiniya yana tambayar lafiyar Baba, sai ya ce masa, "Lafiyarsa lau. Ya dai ce ba ya son jin muryarka."

Ni a wani gari nake aure, sai bayan mako shida na zo. Na tarar da Baba ya rame, wayar na kan ƙirjinsa, ya kafa wa agogon bango ido.

"Yaron nan ya manta da ni," ya ce. "Ko na yi masa wani laifi ne, Uwata?" Haka yake kirana.

Da Injiniya ya iya riƙe bakinsa, da har yau ban sani ba. Amma mugunta ba ta yi masa daɗi sai da ɗan kallo. A kicin ya same ni, ya zayyana min abin da ya yi wa rautar, yana murmushi.

"Ni ke kwashe kashinsa, wancan ke kwashe albarka. To, ya kira mu gani."

Wallahi ban taɓa tsanar jinina ba sai ranar. Na ce masa ko ya mayar da ita yanzu, ko na tara masa dangi a falon nan. Ya ɗaga kafaɗa, ya ja kujera gefen gadon Baba, ya ciro wayarsa, ya danna nan ya danna can. Ko minti biyu bai yi ba.

Wayar ta hau ƙara a kan ƙirjin Baba. Saƙonnin murya ne, sun fi arba'in. Na riƙa kunna masa ɗaya bayan ɗaya. Na farko Auta na tsokana, wai ko tsoho ya yi sabuwar budurwa ne. Na tsakiya roƙo ne da ban haƙuri kan laifin da bai sani ba. Na ƙarshe gajere ne, kwana tara da aiko shi.

"Baba, Yaya ya faɗa min ka ce ba ka son jin muryata. Shi ke nan, na daina damunka."

Na kira lambar Auta sau uku, ba ta shiga ba. Na tura saƙo, ya tsaya bai tafi ba.

Baba ya daɗe yana kallon Injiniya. Ya ji komai, ya gane komai, hawaye na bin gefen fuskarsa da ya karkace. Na zaci zai tsine masa, kuma da na ce amin. Amma fitsari ya matse shi, ni kuwa ba na iya ɗaga shi, kuma gobe zan koma gidan mijina.

Ya miƙa hannunsa mai rai.

"Injiniya, sannu da gyara. Allah ya yi maka albarka. Zo ka kama ni."